Gaskit Uku a Inji Ɗaya: Yadda Aka Gano Ciwon Wata Fijo 504 da Ma'aunan Haɗin Gida

Motar a-kori-kura ce, Fijo 504, mai jigilar buhunan hatsi daga kasuwannin ƙauye zuwa cikin Kaduna. Injinta mai lita biyu ne, wanda kamfanin Peugeot ke kira XN1. Kukan mai ita guda ɗaya ne: top gaskit, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji (top) da gangar jikinsa (bulok), ba ya zama. An sa na farko ya ƙone, an sa na biyu ya ƙone, ga na uku shi ma ya fara. Kowane karo sai a cire top a kai wa masu fesin su aske fuskarsa, a dawo a ɗaure. Motar takan yi lafiya na ɗan lokaci, sannan ta koma gidan jiya: lagireto na tafasa, ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, in an buɗe murfin lagireto inji na aiki sai a ga kumfa na tasowa ɗaya bayan ɗaya. Bayan askin ƙarshe ma wani sabon abu ya ƙaru. In ta ɗauki kaya ta doshi hawa, sai inji ya dinga ƙyal-ƙyal, direba ya rage wuta dole.

A haka aka jawo ta garejin wani dattijon bakanike da ya daɗe yana taɓa Fijo. Ba shi da kayan awo na kamfani. Abin da ke cikin akwatinsa bai wuce fila geji ba, wato siraran ƙarafan da ake zurawa a auna rata, da wani tsohon agogon awo mai allura da ya saya na hannu, wanda kowane layi a fuskarsa kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ne. Mai motar ya zo da shawararsa a baki: a sake aske top, a nemo gaskit mai kyau.

"Alhaji, top ɗin nan an aske shi har ya gaji," in ji ogan. "Ka ba ni dama in auna kafin in sayi komai. In ban auna ba, kuɗinka za mu ƙona karo na huɗu."

Sai an san yadda aka gina injin nan za a gane dalilinsa. An fara fitar da 504 a Faransa a 1968, kamfanin PAN (Peugeot Automobile Nigeria) kuma ya fara haɗa Fijo a Kakuri, Kaduna, a 1975, ya ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da daina yin ta. Injin XN1 silinda huɗu ne a jere, faɗin kowace milimita 88, tafiyar fistan daga sama zuwa ƙasa milimita 81, jimilla cc 1971. Bulok ɗinsa baƙin ƙarfe ne, top ɗinsa na alminiyam. Abin da ya bambanta shi da yawancin injinan Japan da yaran gareji suka saba da su shi ne silif. Ba a jikin bulok aka huda silindarsa ba. Kowace silinda bututu ce mai zaman kanta, ana zura ta cikin bulok ta zauna a kan wata kafaɗa, ruwan sanyaya inji na zagaye ta kai tsaye. A ƙarƙashinta akwai siririn gaskit da ke zuwa da kauri daban-daban, kuma ba don ado aka yi hakan ba. Ana so bakin kowane silif ya ɗara fuskar bulok da ɗan kaɗan, kusan kaurin takardar rubutu guda, domin in an ɗaure top, nauyin ɗaurin ya fara sauka a kan bakin silif, ya matse zoben ƙarfen da ke jikin gaskit. Wannan zoben ne ke tare wutar da ke tashi a cikin silinda. In silif ya nutse, ɗaurin sai ya tafi kan gefen bulok, zoben ya zauna sakwa-sakwa, iskar konewa ta samu hanya ta shiga ruwa. Ruwa ya fita, inji ya yi zafi, top na alminiyam ya lanƙwashe, a kai shi aski. Mai fesin bai yi ƙarya ba in ya ce ya tarar da top a karkace. Sai dai karkacewar sakamako ce, an bar jaki ana dukan taiki.

Wannan zato ne kawai a kan ogan, kuma zato ba ya sayen kaya. Yana bukatar sanin abu uku: ko top a miƙe yake, nawa kowane silif ya ɗara bulok, da kuma nawa askin baya ya cinye daga ɗakin konewa.

Tun kafin awo, da aka ɗaga top, abu na farko da ya sa yaransa suka yi shi ne danne silif. Guntayen bututun ruwa ne aka yanka, aka haɗa da manyan wasoshi, aka ɗaure da notunan top ɗin kansu, kowane wasa ya hau bakin silif biyu maƙwabta. A injin irin wannan, in aka juya kiranshaf babu top kuma ba a danne ba, fistan na iya jan silif sama, gaskit ɗin gindi ya yage, tsatsa da yashi su faɗa ƙarƙashinsa. Da wuya a ce ba a taɓa yi wa motar nan haka ba a buɗewar baya.

Awon miƙewar top bai ɗauki lokaci ba, amma sandar awon ta ɗauka. Wani lafcecen ƙarfe ne ya samo a kasuwar Panteka, ya kai aka goge masa gefe ɗaya a injin gurza. Tambayar ita ce, wa ya ce gefen ya miƙe? In ka haɗa sanduna biyu suka manne babu haske a tsakani, ba hujja ba ce, don mai yiwuwa ɗaya ta yi ciki ɗayar ta yi doro, suka dace da juna. Amma in sanduna uku ne, ta farko ta dace da ta biyu, ta biyu ta dace da ta uku, ta uku ta dawo ta dace da ta farko, to babu yadda za a yi sai dukkansu a miƙe suke. Dabara ce tsohuwa, wadda Joseph Whitworth ya yaɗa a Ingila tun wajajen 1840 wajen yin faranti masu shafaffiyar fuska. Ogan bai san sunan ba, a wurin nasa maigidan ya koya. Ya ari sanduna biyu a maƙwabta, ya dinga haɗa su bibbiyu yana ɗagawa saitin rana. Da ya gamsu, ya ɗora tasa a kan top a tsaye, a kwance, da kusurwa zuwa kusurwa. Ruwan fila geji mai kaurin milimita 0.05 bai shiga ko'ina ba. Top lafiyarsa ƙalau ta wannan fuska. Da an sake aske shi, ɓarna ce kawai.

Awon silif shi ne zuciyar aikin, nan kuma ya fi ɓata lokaci. Ana iya yi da sanda da fila geji, a ɗora sandar a bakin silif a zura geji tsakaninta da bulok, amma ruwan geji tsalle yake yi daga 0.05 zuwa 0.10, abin da ake nema kuma yana tsakanin nan. Don haka ya yi wa agogonsa mazauni. Guntun ƙarfe ne mai kauri, tsawonsa bai kai tafin hannu ba. Aka huda shi kusa da baki ɗaya daidai wuyan agogon, aka tsaga ramin da zarto, aka sa ƙaramin noti da zai matse wuyan. Gindin ƙarfen kuma aka goge shi a kan gilashi mai kauri da aka shimfiɗa wa sanfefa mai laushi, yaro na ja yana juyawa, ana shafa masa maka ana dubawa, har sai da tawadar ta goge bai ɗaya babu tsibirin da ya rage.

Kafin ya kai shi kan inji sai da ya yi masa jarrabawa. Ya ɗora shi a kan gilashin, ya juya fuskar agogon allura ta tsaya a sifiri, ya zura ruwan geji na 0.10 a ƙarƙashin bakin allurar: layi goma. Ya zura na 0.20: layi ashirin. Ya ɗauke mazaunin ya ajiye a wani gefen gilashin, ya sake, ya sake, allurar na komawa sifiri. A ganina nan ne bambancin ma'auni da tarkace yake. Ƙarfen da notin kowa zai iya haɗawa. Abin da ya mai da shi ma'auni shi ne an gwada shi da wani abu da aka riga aka san kaurinsa, kuma ya maimaita amsa ɗaya.

Yadda ake awon: a zaunar da shi a fuskar bulok da aka kankare tas, a sa sifiri, sannan a matsar da shi bakin allurar ya hau bakin silif. Wuri huɗu a kowane silif, gaba da baya da gefe biyu, kuma silif a danne. Yaro na rubutawa a bayan kwalin gaskit. Peugeot daga wajen fulawil, faifan da ke bayan inji, take fara ƙirga silinda, wato lamba ɗaya ita ce ta can ciki kusa da direba, abin da kan rikita wanda ya saba da wasu motoci, don haka ogan ya sa aka rubuta lambobin da fenti a jikin bulok. Uku daga cikin silif ɗin sun ba da tsakanin layi takwas da goma, kuma kowannensu kusan daidai yake a wurare huɗun. Lamba biyu kuwa layi shida ta ba da a gefe ɗaya, layi ɗaya a ɗaya gefen. Ta nutse, kuma ta karkace. Da aka ɗauko tsohon gaskit aka ɗora, baƙin zanen da wuta ta bi ya faɗo daidai wannan gefen.

"Oga, to silif ɗin ne ya cinye?" yaron ya tambaya.

Ba shi ba ne. Da aka zare fistan aka ciro silif, aka ga gaskit ɗin gindinsa ya ruɓe a rabin zagayen, kafaɗar bulok kuma tsatsa ta ci ta ta yi ƙananan ramuka. Wannan aikin ruwan rijiya ne da ake ɗura wa lagireto shekara da shekaru babu maganin tsatsa. Aka kankare kafaɗun duka huɗu, aka shafa wa ta lamba biyu man gurza bawul kaɗan, aka dinga juya tsohon silif a kanta a hankali har zoben ya fito fes ya zagaye. Sannan aka wanke, aka zura sababbin silif babu gaskit a ƙarƙashi, aka sake aunawa. Haka tsarin yake: ka auna tsirara, ka ga nawa ya rage a kai abin da littafin gyaran injin ya ce, ka zaɓi kaurin gaskit da zai cike. Littafin bai tsaya ga tsayin kowanne kaɗai ba, ya iyakance bambancin da ke tsakanin maƙwabta biyu, shi ya sa aka yi ta musanya musu wuri ana juya su har suka jeru. Lamba biyu ta ɗauki gaskit mafi kauri a cikin fakitin.

Saura ƙyal-ƙyal ɗin. Nan lissafi ya shigo. Kowace silinda tana shan kusan cc 493 in fistan ya sauka daga sama zuwa ƙasa. Matsin inji shi ne wannan adadin a haɗa da ɗan sararin da ya rage in fistan ya kai ƙololuwa, a raba da wannan sararin. Injinan XN1 sun fito da matsi daban-daban gwargwadon shekara da kasuwa, akwai na 8.35 akwai na 8.8. Wato sararin da ya kamata ya rage cc 67 ne a na farko, kusan 63 a na biyu. Shi kuwa aski, a silinda mai faɗin 88, kowace milimita ɗaya da aka cire daga fuskar top tana iya cinye har cc shida. Ba wanda ya rubuta nawa aka aske a baya. Sai a auna abin da ya rage.

Kayan aikin: guntun roba mai kauri da ake gani ta cikinsa, irin wanda masu allon talla ke yankawa, an huda shi kusa da gefe, giris, sirinji daga kemis, ruwa. Aka kife top fuskarsa na kallon sama, bawul da fulogi na ciki, aka shafa wa mazaunin bawul giris kaɗan don kar ya yi yoyo, aka zagaye bakin ɗakin konewar da siririn giris, aka manna robar. Aka ɗan tokare top ɗin ta yadda hudar za ta zama a sama, iska ta samu mafita. Ruwan an jiƙa masa zoɓo ya yi ja don a riƙa ganinsa, an ɗiga masa sabulun ruwa ɗigo ɗaya don kar kumfa ta maƙale a kusurwa. Kalanzir zai yi, amma yana kumbura robar sirinji.

Sirinjin ma bai yarda da shi haka kawai ba, kuma yana da gaskiya. Don magani aka yi shi, kuskuren kashi uku ko huɗu cikin ɗari ba laifi ba ne a wurinsa. Amma kashi huɗu na cc sittin ya haura cc biyu, fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da askin milimita guda ke ci. Sai ya aika aka aro ƙaramin sikelin lantarki irin na masu sayar da gwal. Ruwa cc ɗaya giram ɗaya ne. Aka auna robar ruwan da sirinjin tare kafin a fara, aka cika ɗakin har ruwa ya taɓa bakin hudar, aka sake aunawa. Abin da ya ragu a giram shi ne girman ɗakin. Sirinji ya koma abin ɗiba kawai, sikeli ne ke ba da amsa.

Ɗakin da ke jikin top ba shi ne duka sararin ba. Akwai kaurin gaskit bayan an matse shi, wanda aka auna a tsohon, akwai kuma siffar kan fistan. Wannan na ƙarshe da dabara aka same shi: aka saukar da fistan milimita goma cif daga bakin silif, aka toshe gefensa da giris, aka cika da ruwa ta robar nan. Da kan fistan shafaffe ne, cc 60.8 zai ci. Duk abin da ya gaza ko ya ɗara haka, tudu ne ko kwari a kan fistan. Aka ƙara abin da ya rage tsakanin fistan da bakin silif a ƙololuwa. Da aka tara komai, sararin ya tsaya wajen cc 58. Matsin ya kusa 9.5. Ga mota mai ɗaukar kaya fiye da ƙima, a zafin watan Afrilu, da fetur ɗin da ba kullum ake sanin asalinsa ba, wannan ya isa ya sa mai ya riƙa fashewa da kansa kafin wutar fulogi ta gama cinye shi. Wannan fashewar ita ce ƙyal-ƙyal, ita ma kuma tana dukan zoben gaskit. Ciwo biyu ke nan suna taimakon juna.

Wasu za su ce a sa gaskit biyu a huta. Ogan ya ƙi, don a injin da gaskit ɗaya ma sai an lallaɓa yake zama, biyu neman magana ne. Ya tafi da robarsa da sikelin wurin masu tsofaffin kaya, ya auna top biyu a gabansu suna kallonsa kamar mai sabon ciwo, ya ɗauki wanda ya kai jimillar wajen cc 64, matsi kusan 8.7.

Akwai abin da bai yarda ya ƙirƙira wa ma'auni ba. Ratar da ke tsakanin kiranshaf da metal, wato ɓawon ƙarfen da yake juyawa a cikinsa, 'yan kashi ne cikin ɗari na milimita, kuma a zagaye take. Tsohuwar dabarar sa takardar sigari a ɗaure a ji ko ya cije ba ta gaya maka ko wuyan kiranshaf ya zama ƙwai. Ya kai shi wurin masu gurza aka auna da maikiromita a gabansa, aka zaɓi metal. Ratar bakin ringi kuwa ba ta bukatar komai: a zura ringin cikin silif, a tura shi da kan fistan ya zauna daidai, a sa fila geji.

Da aka zo haɗawa, ya nemi ainihin ƙololuwar fistan, don alamar da ke jikin fuli, faifan bel ɗin da ke gaban kiranshaf, ba abin amincewa ba ce a injin da aka sha sauya wa kaya. Ba a samun ta da ido, ko da agogo ma da wuya, domin a can sama fistan kusan tsaye yake: kiranshaf zai juya digiri uku fistan bai motsa kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Sai ya gitta ƙarfe a kan silinda ta ɗaya, da noti a tsakiya yana leƙa ciki. Aka juya inji a hankali har fistan ya dungure notin, aka yi alama a fuli saitin wata waya da aka ɗaure a bulok. Aka juya baya har ya sake dungura, aka yi alama ta biyu. Tsakiyar alamomin biyu ita ce ƙololuwa. Aka zagaye fulin da tsirin takarda, aka auna tsawonsa aka raba 360, aka san milimita nawa ne digiri ɗaya. Tsohuwar alamar ta kauce da 'yan digiri, kuma ta ɓangaren da ke sa wuta ta yi sammako.

Ɗaurin top shi ne na ƙarshe. Sifanar awon ɗauri da ke garejin ta sha faɗuwa, don haka aka gwada ta da sikelin rataye. Lissafin ba shi da wuya: nauyin da ka ja da shi sau tsawon hannun sifana. Kilo goma a rabin mita daidai yake da kilo biyar a mita ɗaya, muddin jan yana tafiya a gicciye da hannun, ba a karkace ba. Shi kansa sikelin an gwada shi da jarkar da aka auna wofi sannan aka zuba mata lita goma na ruwa. Sifanar ta nuna tana ƙarawa, wato tana cewa an kai alhali ba a kai ba, aka ajiye ta aka yi aiki da sanda da sikeli. Tsarin injin nan yana so a ɗaure, a sassauta, a sake ɗaurewa kaɗan, sannan a juya kowane noti wata kwana da littafi ya ƙayyade, daga tsakiya zuwa gefe. Kwali ne aka yanka da'ira aka zana masa kwanar, aka zura a wuyan soket.

Bayan inji ya yi zafi ya huce sarai, aka sake bin notunan, aka gyara ratar bawul, aka saita wuta da sabuwar alamar. Kumfa ba ta dawo ba, ƙyal-ƙyal ya tafi, aka zuba ruwa mai maganin tsatsa. Ogan ya ba mai motar kwalin nan da aka rubuta awo a bayansa, ya ce ya ajiye a gida, ya kuma gaya masa gaskiya game da lamba biyu: ta riga ta cinye gaskit mafi kauri, in kafaɗar ta sake nutsewa, sai dai a kai bulok a yanka mazaunin a injin, ko a nemi wani bulok.